Ɓarawon da Ya Tuɓe Takalmi

Ranar wata Juma'a, mutanen Toranke suna fitowa daga masallaci suka ji Inna Kulu tana salati a ƙofar gida, muryarta har bakin kasuwa. Kafin liman ya sa takalmansa labari ya zaga gari: an sace keken mijinta, Malam Abdulmumin mai tumatir, keken nan da yake tafiya ba a taka feda.

Keke kam ana sacewa, a yi jaje a watse. Amma wannan duk yankin babu irinsa, kuma kowa ya san hannun da ya yi shi.

Ɗanladi ne, ɗan ƙanwar Malam Abdulmumin, wanda ya riƙe tun yana ƙarami. Ɗanladi ya bar makaranta tun a farkon sakandare. Ya shiga kanikanci ya gudu, ya koyi gyaran waya ya bari, ya je Kano ya dawo da jaka ɗaya. Mutane suna cewa ƙafarsa ba ta san zama ba. Da gwiwar kawunsa ta lalace, ya kasa tuƙa keke zuwa kasuwar Gaya, ga fetur ya yi tashin da hayar babur take cinye ribar tumatir, sai Ɗanladi ya ce a ba shi dama. Kawu ya so ya sayi sabon keke mai ƙyalli, ya hana shi.

"Waɗannan gwangwani ne, Kawu. Inji zai yage su."

Ya hau rufin zaure ya sauko da tsohon keken kakansu, baƙin ƙarfe mai nauyin jaki. Ya sake masa taya da birki, ya ɗaura inji a cikin ƙafar baya, ya yi wa batir akwatin katako a ƙarƙashin kariyar ɗora kaya, ya sa totur a hannun dama irin na babur. Sannan ya ɓoye wani ɗan makunni a ƙarƙashin sirdi, inda ido ba ya kaiwa. In ba a danna shi ba, keken keke ne kawai, kuma mai nauyin tsiya.

Ranar da Malam Abdulmumin ya hau tudun yashin bayan kasuwa da kwandunan tumatir, ƙafafunsa a miƙe, babu ƙara, babu hayaƙi, tsofaffi sai da suka miƙe tsaye. Wata tsohuwa ta nemi tsari daga shaiɗan. Ɗanladi kuwa a ranar ya fara jin ana kiran sunansa ba da tsaki ba. Kawu ya ba shi rumfar gefen gida ya ce ya buɗe shago.

*

Ana kiran la'asar Ɗanladi ya sauko daga a-daidaita-sahu, daga Gaya, da naɗin waya a kafaɗa. Ya tarar da taro a ƙofar gidansu. Ya yi sallama, amsar ta fito a ciki-ciki.

"Ga shi nan."

"A ina ka yi Juma'a?"

"A Gaya," in ji shi. "Me ya faru?"

"Wa ya gan ka a Gayan?"

Kawu yana zaune a dakali, ya miƙe ƙafar nan mai ciwo. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata Ɗanladi ke nan.

"Ɗanladi, an ce shekaranjiya wani mutumin Gaya ya taya keken nan a hannunka."

"Ya taya, na ce ba nawa ba ne."

"An ce kuma ka ce a majalisa, keken nan kai kaɗai yake jin maganarka."

"Wasa ne, Kawu!"

"Ni da kai muka san inda makunnin yake. Ni ina masallaci." Ya dubi ƙasa. "Ban haife ka ba, amma ban taɓa raba ka da nawa ba. In keken nan bai fito ba, ka kwashe kayanka daga rumfa, ka kwashe na ɗaki. Ba zan kwana gida ɗaya da wanda nake ɓoye wa makulli ba."

Ɗanladi ya sauke naɗin wayar daga kafaɗa. Sai ya ji hannu a kafaɗarsa. Salahuddeen ne ɗan acaɓa, matashi mai ladabi, wanda a da yake kai wa Kawu tumatir Gaya.

"Yi haƙuri, abokina," ya ce a hankali. "Mai unguwa ya ce a ɗauko Baba Kashim. Ni zan je."

*

Baba Kashim mai bin sawu mutumin Barno ne asali, kakanninsa suka zauna wajen Kademi. In an kore shanu ko an fasa rumbu shi ake nema. Ana cewa yana duban ƙasa ya gaya maka ko wanda ya taka ta ya ci abinci. Ɗanladi bai taɓa yarda da wannan ba.

Tsoho ne siriri, da 'yar sandar geza. Ya sauko daga bayan Salahuddeen yana kakkaɓe ƙafa, yana mitar wai an ce za a kawo shi a babur amma har da tafiyar ƙasa a ciki. Babu wanda ya kula, kowa yana son ya ba shi labari.

"Ku ja baya," ya ce. "Kun tattake mini rabin maganar. Ina matar gidan?"

Inna Kulu ta leƙo daga zaure.

"A ina aka ɗaure shi?"

"A turken akuya, Baba."

"Turken akuya?" Ɗanladi bai san sanda ya yi magana ba. "Kawu, ba na ce a zura sarƙar ta cikin ƙafar baya a ɗaure a ginshiƙin ƙarfe ba? Ba na ce a riƙa shigar da batirin ɗaki ba?"

"Salla kawai zan je in dawo," in ji Kawu, bai dube shi ba.

"Ni ma na gaya masa," in ji Inna Kulu. "Na ce Malam, wannan abin ba akuya ba ne. Ya ce ai akuyar ma ba a taɓa sace ta ba."

Baba Kashim ya tsuguna gaban turken. Akuyar tana ɗaure a wurinta tana tuƙa. Ya girgiza turken, ya zo masa a hannu kamar ruɓaɓɓen haƙori.

"Bai taɓa kwaɗon ba. Ya tuge turke, ya zare sarƙa, ya mayar da turke, ya sake ɗaure akuya." Ya dubi gonar waken da ke gefen gida. "Baƙo ba ruwansa da waken Kulu. Wannan ɗan gari ne, kuma an yi masa tarbiyya."

Idanu suka sake komawa kan Ɗanladi.

"Ga sawun taya can!" wani ya yi ihu. "Ya nufi rumfar mai faci!"

*

Abdulsalam mai faci ya daɗe yana cewa keken nan wata rana zai fashe da mai shi. Ya kuma taɓa roƙo a bar shi ya buɗe ƙafar bayan ya ga abin da ke ciki, aka hana shi. Taron ya iso ya same shi yana cin ɗanwake.

"Ni? In saci wannan bam ɗin in kai ina? Gidana da 'ya'ya!"

"Ka makara a masallaci."

"Tun da aka gina masallacin nake makara, yau kuka gani?"

"To sawun me ya kawo rumfarka?"

"Jiya mai shi ya zo na ƙara masa iska. Ku tambaye shi, har yanzu bai ce mini sannu ba."

Baba Kashim ya nuna sawun da sandarsa. "Da safe an yi yayyafi a nan?"

Aka ce an yi.

"Ga ɗigon ruwan a cikin sawun. Na jiya ne. Ci ɗanwakenka." Ya juya ga taron. "Kowa ya koma gida. Mutum ɗaya zai bi ni, wanda ake zargi. In shi ne, ƙafarsa za ta gaya mini kafin magariba."

*

Sawun gaskiya ta bayan gida ya bi, ta lungun da ke fita yamma. Suna tafe, tsohon a gaba, Ɗanladi a baya. A wurin Ɗanladi ƙasa ce kawai, da sawun kaji da na yara. Baba Kashim kuwa yana tafiya kamar mai sauraron wani yana magana.

"Ƙafar baya ta nutse fiye da ta gaba. Me ka sa mata?"

"Inji, Baba."

"A cikin ƙafar? To me yake ci?"

"Wuta. Ana cajinsa da sola."

"Rana yake sha ke nan." Tsohon ya girgiza kai. "Ikon Allah. In an kunna shi, ƙafafun mutum me suke yi?"

"Hutawa."

Baba Kashim ya sunkuya. Ya daɗe yana duban sawun, yadda yake karkata dama, ya karkata hagu, kamar tafiyar maciji. A wani wuri mai yashi ya nuna inda mahayin ya dafa ƙasa da takalmin roba, irin wanda rabin garin ke sawa, har da Ɗanladi.

Da suka doshi tsohuwar rijiya sai Ɗanladi ya yi tuntuɓe. Daga rijiyar ana hango zauren Malam Muhammad Bashir, dattijon malami wanda idonsa ya rufe shekarun baya. Malam yana da 'yar auta, Umaima, mai koyarwa a Islamiyya. Ɗanladi bai gaya wa kowa yana sonta ba, ko ita bai gama gaya mata ba. Amma ya daɗe ba ya wuce wannan zauren da takalmi a ƙafa, in ya tabbata babu mai kallo. Yau ya daure ya wuce rijiyar da su, ƙafarsa tana yi masa nauyi.

Baba Kashim ya tsaya cak. Ya tsuguna, ya daɗe.

"Zo ka ga abin da ban taɓa gani ba. Ga inda ya sauka daga keken. Ga takalmi, ga takalmi. Daga nan kuma babu takalmi."

Ɗanladi ya duba. A gefen sawun tayar, ga tafin ƙafa tsirara, yatsu a fili, yana tafiya a hankali har gaban zauren ya wuce.

"Mutum ya yi sata da rana tsaka, yana gudu kafin a sallame salla," in ji tsohon, "ya zo nan ya sauka, ya tuɓe takalmi, ya tura keke. Wa ake yi wa haka a garin nan?"

Ɗanladi ya dubi ƙasa. "Suruki."

"Suruki." Baba Kashim ya ɗago ya dube shi, sannan ya dubi ƙafafunsa. "Ko wanda ake fatan ya zama suruki. Na ga yadda ka yi tuntuɓe a bakin rijiya, alhali babu dutse."

Ɗanladi ya ji kamar ƙasa ta buɗe. Tsohon ya miƙe. Ya aro ƙwarya biyu a gidan maƙwabta, ya kife ɗaya a nan, ya matsa gefe ya kife ɗaya, ya ɗora wa kowace dutse.

*

Malam Muhammad Bashir yana kan buzunsa a bakin zaure da carbi. Tsufa ya hana shi zuwa Juma'a.

"Kashim ne? Na ji sandarka. Shanun wa aka kora?"

"Keke ne yau, Malam. Lokacin huɗuba wani ya wuce ta nan?"

Carbin ya tsaya.

"An wuce. Na ji ƙarar sarƙar keke, na ji numfashin mutum."

"Ya yi sallama?"

"Bai yi ba."

"Ka gane shi?"

"Kashim, ni makaho ne."

"Surukanka nawa a cikin gari?"

"Abdulsalam mai faci yana auren Hanne. Salahuddeen yana auren Bara'atu." Malam ya juya fuska gefe. "Kada ka sa ni in faɗi abin da ban gani ba."

Baba Kashim ya yi masa sallama. Da suka yi nisa ya ce, kamar da kansa yake, "Kunnen da ya gane sandata, ai ya gane wanda ya wuce."

*

Bayan gidan Malam akwai magudanar ruwa mai zurfi. A nan sawun ƙafar baya ya ɓace, ya sake fitowa a ɗaya gefen.

"Ya ɗaga bayan keken ya tsallakar. In za ka ɗaga keke mai nauyi, ina kake kamawa?"

"Ƙarƙashin sirdi," in ji Ɗanladi. Sai ya dafe kai. "Makunnin! Baba, a nan na ɓoye makunnin. Yatsansa ya danna bai sani ba!"

"To zo mu ga abin da ya biyo baya."

Ga inda ɓarawon ya mayar da takalmi, ga inda ya hau. Tayar baya ta tono yashi ta watsa, kamar doki ya zabura. Daga nan sawun ya miƙe.

Baba Kashim ya bi shi da ido har inda ido ya ƙare. Layi ɗaya ne, babu karkata, kamar an ja zare a kan ƙasa. Ya ratsa yashi, ya hau tudu, bai rage ba. Tsohon ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Tun ina yaro nake bin sawu. Na bi raƙumi, na bi doki, na bi mutum mai gudun rai. Duk abin da ke tafiya yana gajiya, kuma ƙasa tana nunawa. A tudu taki yana gajarta. Wannan bai san an yi tudu ba." Ya dubi Ɗanladi tun daga sama har ƙasa. "Kai ka yi wannan da hannunka?"

"Ni ne, Baba."

"Allah mai iko. Kuma aka ce mini ba ka da aikin yi."

Ɗanladi ya kau da kai, don idonsa ya kawo ruwa. Shi da ya haɗa keken bai taɓa ganinsa haka ba, a rubuce a ƙasa. Ya kuma fara jin tsoron tsohon nan da ƙasa ba ta ɓoye masa komai.

Sawun ya kai su bakin wani kududdufi mai zurfi. A nan keken ya tsaya, tayar gaba har ta taɓa laka. Ƙafar mahayin ta nutse sosai.

"Ya daɗe a tsaye a nan. Ya turo shi gaba, ya jawo shi baya. Ya sake turawa, ya sake jawowa."

"Jefa shi zai yi?"

"Ya so. Duba can."

Can gaba akwai fili da wata babbar kuka a tsakiya. Sawun ya bar kududdufin ya nufi kukar, ya zaga ta. Ya sake zagawa. Zagaye a kan zagaye, manya da ƙanana, har ƙasar wurin ta zama kamar faifai. Baba Kashim ya tsaya a tsakiya yana juyawa, sai ya fashe da dariya har da tari.

"A nan ya manta sata ya yi! Wasa ya tsaya yi, ɗan banza, kamar yaro ranar salla!"

Daga kukar sawun ya hau kwalta, ya ɓace. Rana ta yi ja.

"Shi ke nan, ya tafi," in ji Ɗanladi.

"Keken ya tafi. Mutumin yana gari. Gobe da hantsi mai unguwa zai tara mutane a ƙofar Malam, a kira surukansa, a kira ka. Ka zo ta bakin rijiya."

*

Da hantsi ƙofar Malam ta cika. Mai unguwa yana kan kujera, Kawu a gefensa, mata suna leƙe ta katanga. Baba Kashim ya hana kowa taka hanyar rijiya.

Abdulsalam ya fara zuwa, yana mita tun daga nesa, takalmansa fal-fal har bakin tabarma, a nan ya zare su ya durƙusa ya gaida surukinsa.

Sai Salahuddeen. Ya kashe babur a bakin rijiya, ya sauka, ya tuɓe takalmi ya rataya a hannun babur, ya turo shi kansa a sunkuye. Wata tsohuwa ta ce, "Allah ya yi wa yaron nan albarka."

Ɗanladi ne na ƙarshe. Ya iso bakin rijiya ya tsaya. Ya san abin da ke ƙarƙashin ƙwaryar nan. In ya tuɓe, ya sa kansa a sahun ɓarawo a gaban gari. In ya wuce da takalmi, tsohon ya riga ya sani, kuma Malam yana zaune yana saurare. Ya sunkuya ya zare su, ya riƙe a hannu.

Aka fara ƙus-ƙus. Kawu ya ɗago kai yana kallonsa da mamaki.

Baba Kashim ya ba da labarin tun daga turken akuya, a taƙaice. Da ya zo kan tuɓe takalmi sai wurin ya kaure.

"Ai ga shi nan! Yanzu ya tuɓe a gabanmu!"

"Me ya haɗa shi da gidan Malam in ba rashin gaskiya ba?"

"Ku saurara," in ji tsohon. "Mai keke, in tambaye ka. In ka kunna shi, kana taka feda?"

"A'a," in ji Kawu.

"Mai taka feda, kan kekensa yana rawa dama da hagu. Daga gidanka har rijiyar nan sawun rawa yake yi. Mutumin ya sha wuya a yashi har yana dafa ƙasa. Wanda ya ɓoye makunni da hannunsa zai tsaya yana gumi, alhali ana gab da fitowa daga masallaci?"

Kawu ya juya ya dubi Ɗanladi.

"Ba shi ba ne. Wanda ya ɗauka bai san da makunni ba, sai da ya ɗaga keken a magudana ya danna bisa kuskure. Kuma hannunsa ya saba murɗa totur ko ba ya tunani, shi ya sa yana hawa keken ya zabura da shi." Ya taka zuwa ƙwaryar farko ya ɗaga. "Ga ƙafar ɓarawo, a gefen tayar keke. Babban yatsan dama ya karkace waje." Ya ɗaga ta biyu. "Ga wata, a gefen tayar babur. Wannan a gabana aka taka ta jiya, da aka sauke ni a bakin rijiya aka ce in yi haƙuri in taka, nan ƙofar suruki ce. Akwai hanyar da ta fi kusa, amma ta nan aka biyo da ni, don a tattake sawun farko." Ya nuna sabon sawun da Salahuddeen ya bari yanzu. "Ga ta uku. Ɗana, ka zo goge sawu da ƙafar da ta yi shi."

Kowa ya dubi ƙafar Salahuddeen ta dama, da yatsan da kik ɗin babur ya taɓa karyawa.

Salahuddeen ya zube a kan gwiwoyinsa.

"Yana gonata, cikin tarin kara. Ban taɓa masa komai ba." Ya ɗago ya dubi Kawu. "Ba sayarwa zan yi ba. Duk masu kayan gwarin da nake ɗauka sun ce irinsa za su yi. Na ce in ya ɓace maganar ta mutu. Na kai shi kududdufi." Ya share fuska. "Wallahi na kasa. Shekara da shekaru ina kan babur, ban taɓa gudu ina jin kukan tsuntsaye ba sai jiya. Na ji kamar ɗauke ni aka yi. Na kasa jefa shi."

"Amma ka iya barin wani ya ɗauki sunan ɓarawo," in ji mai unguwa. "Har da dafa masa kafaɗa."

Malam Muhammad Bashir ya yi gyaran murya, wurin ya yi tsit.

"Jiya na ji mutum ya tuɓe takalmi a bakin rijiya. Na zauna ina jiran sallama, ba ta zo ba. Na kwana ina roƙon Allah ya sa kunnena ne ya tsufa." Ya juya fuskarsa daidai inda surukin nasa yake. "Ni da ba na gani ka ji kunyata. Wanda yake ganinka fa?"

Salahuddeen ya kifa goshi a ƙasa yana kuka. Mai unguwa ya ce a tashe shi, a raka shi gona ya fito da keken, sauran magana ta manya ce.

*

Ba a daɗe ba aka dawo da shi, da ganyen kara a maƙale a sarƙa. Mutane suka buɗa masa hanya kamar baƙo. Baba Kashim ya zaga shi, ya shafa ƙafar baya da tafin hannu, ya kara kunne a jikin akwatin batir, ya ce shi bai ji komai ba, kuma abin da ya fi ba shi tsoro ke nan.

Kawu ya miƙe da ƙyar. Ya zo gaban Ɗanladi, ya ciro makullin kwaɗo daga aljihu, ya kama hannunsa ya danƙa masa. Ɗanladi ya sunkuyar da kai. Har yanzu takalmansa suna ɗaya hannun.

"Saura abu ɗaya ban gane ba," in ji Malam daga kan buzunsa. "Yau mutum biyu na ji sun tuɓe a bakin rijiya. Ɗaya na san shi. Ɗayan kuma ya daɗe yana wuce ni haka, a hankali, kamar mai tsoron tashin barci. Kashim, ƙafar wace ce?"

"Aikina ya ƙare a kan keke, Malam," in ji Baba Kashim, yana kallon sama.

Abdulsalam mai faci ya dubi takalman da ke hannun Ɗanladi, ya dubi katangar da mata ke leƙe, inda wani mayafi ya yi wuf ya ɓace. Ya ce, "Au!" Dariya ta fara daga baya tana tahowa.

Kawu bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon yaron da ya ce ya kwashe kayansa jiya. Sannan ya dafa kafaɗarsa, ya zare nasa takalman ɗaya bayan ɗaya, ya taka zuwa bakin tabarma, ya lanƙwasa gwiwar nan mai ciwo har ƙasa.

"Ƙafar ɗana ce, Malam," ya ce. "In ka ba ni rana, zan dawo da goro."